Kiran Suna a Bakin Rijiyar Dandali

Aiken bai taka kara ya karya ba. Shugaban makarantarmu ne ya miƙo min takarda bayan an tashi, ya ce in biya ta tsohon dandalin gari in kai ofishinsu. Sati mai zuwa za mu kai 'yan aji uku su ga kayan tarihi, masu wurin kuma sun ce sai an kai musu jerin sunayen yaran kafin ranar. Ajina ne, yara ashirin da tara, ni na rubuta sunayen da hannuna.

Da na wuce kai tsaye, da na isa da sauran rana. Amma ranar ce Gwaggona take ganin likitan ƙashi, na kuma yi alkawarin ɗauko ta. Gwaggo yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina shekara shida. Gwiwarta ta hagu ta daɗe da yi mata tawaye, sai da sanda take tafiya, duk inda ta zauna kuma sai ta bar warin man zafi. Bakinta kuwa lafiyarsa ƙalau. Ban taɓa ganin mutumin da Gwaggo ta yarda da shi a ganin farko ba. Ranar ma sai da ta sa mai ba da magani ya karanta mata takardar likita sau biyu, wai ta ga idonsa yana rawa.

"Yanzu kuma ina za ki ja ni, Kunnen-ƙashi?" Sunan da take kirana da shi ke nan tun ina ƙarama.

"Dandali, Gwaggo. Takarda kawai zan miƙa."

"Takarda kawai. Haka kika ce ranar da muka yini a ofishin lantarki."

Rana ta yi sanyi sosai lokacin da mai tasi ya sauke mu. A da, nan ne cibiyar gari. Nan fatake suke sauke kaya, nan ake shela idan akwai sanarwa. Da gari ya faɗaɗa ya bar wurin a baya, sai aka kewaye shi da shingen ƙarfe, aka shuka ciyawa, aka jera bencina, aka mai da shi wurin shan iska. Daga ƙofa ana hango hasumiyar agogo a tsakiya, hannuwan agogon a tsaye. Akwai dogon kwami na dutse inda dabbobin fatake suke shan ruwa, da ɗan ɗakin ajiye kayan tarihi, da manyan itatuwa waɗanda jemagu suka cika. Masu sayar da kayan sanyi a bakin titi suna ta harhaɗa kayansu. Iyali na ƙarshe suka fito suka wuce mu, uwar tana jan hannun ɗanta.

Mai gadin wani siririn dattijo ne, rediyo a hannu ɗaya, buta a ɗayan.

"Ofis sun tashi tun ƙarfe huɗu, Malama."

"To in bar maka takardar, ka ba su da safe? Sunayen yara ne kawai."

Ya ja da baya kamar na miƙo masa garwashi.

"A'a. Ni ba na karɓar sunaye. Ki dawo gobe da hantsi."

Yana magana yana ɗaga kai yana duban rana. Gwaggo ta zungure ni da gwiwar hannu, ta yi raɗan da ko kurma zai ji. "Wannan akwai abin da yake ɓoyewa. Duba yadda yake kallon sama, kamar wanda ya bar shanya a waje."

Na ji kunya, na roƙe shi minti goma. Tunda na riga na zo, gara in zaga in ga inda yara za su zauna, inda banɗaki yake, da inda ya kamata in hana su hawa. Ya sake duban rana.

"Ki bi hanyar siminti. Kada ki sauka daga kanta. Da kin ji na buga ƙarfe, ki fito."

Gwaggo ta zauna a bencin da ke bakin ƙofa, ta rungume jakarta, ta kafa wa mai gadi ido. Ni kuma na cusa takardar cikin tawa jakar, na ja zif, na shiga.

Wurin yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Ina tafe ina karanta allunan bayani, ina tsara abin da zan ce wa yara. Nan ma'aunin hatsi na dā, ga duwatsun awo an ɗaure su da sarƙa. Nan gurbin rumfunan masu rini. Na shafa bakin kwamin, ya yi sulɓi saboda shekaru. A bayana ina jin hon ɗin motoci da rediyon mai gadi. A samana jemagu sun fara motsi suna tsuwa.

Da na zagaya bayan hasumiya sai wari ya sauya. Ƙamshin ciyawa ya ɗauke. Wani warin danshi ya maye gurbinsa, irin na randar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Allon nan ƙarya aka rubuta a kansa."

Na juya. Wani mutum ne a tsaye, bai fi taku uku da ni ba. Ban ji zuwansa ba, alhali busasshen ganye ya cika wurin. Kakin jikinsa ya koɗe har ya koma launin toka. Tarin makullai na rataye a ƙugunsa. Ba yaro ba ne, ba kuma tsoho ba. Yau ko za a yanka ni ba zan iya kwatanta fuskarsa ba.

Na yi masa sallama. Ya gyaɗa kai kawai.

"Ni nake nuna wa baƙi wuri," ya ce. "Sun rubuta gobara ce ta ci rumfunan rini. Ba gobara ba ce. Masu rinin ne suka tashi da kansu a yini ɗaya, har tukwanensu suka bari. Agogon nan kuma, ranar da aka ɗora shi igiya ta tsinke. Mai gyaran ya yi ta rantsuwa sabuwa ce."

"A wane littafi ka karanta wannan?"

"Ban iya karatu ba."

Wanda bai iya karatu ba, ya aka yi ya san abin da ke kan allo? Na bar tambayar a cikina. Na ce wataƙila ya ji ana karantawa. Ya fara tafiya a hankali yana nuni, ni kuma ina bin sa, don gaskiya ya san wurin. Ya nuna min zobban ƙarfe a jikin katanga inda ake ɗaure dabbobi. Ya nuna min dutsen da mai shela yake hawa, har da gurbin diddige. Babu ko ɗaya a allunan. Har na fara tunanin in roƙe shi ya zagaya da yarana.

Sai na ji takalmina ya nutse cikin laushi. Na duba ƙasa. Ƙasa ce jiƙaƙƙiya. Hanyar siminti tana can bayana, bayan wani shingen shuke-shuke.

A gabanmu rijiya ce. Faɗinta ya kai ɗaki. An rufe bakinta da ragar ƙarfe, an sa kwaɗo uku, duk sun yi tsatsa. Gefen dutsen ya tsattsage da sawun igiya, zurfin wasu har yatsa zai shige. Sanyi yana fitowa daga ciki yana taɓa min ƙafa.

"Yara ne suke jan ruwa a nan," ya ce. "Tun da sassafe. Hayaniya, dariya, faɗa a kan guga. Tun da aka sa ƙarfen nan sai shiru." Ya shafa ragar. "Mun daɗe ba mu yi ƙananan baƙi ba. Su nawa za ki kawo, Malama?"

Ban gaya masa aikina ba, ban kuma ce masa zan kawo yara ba.

"Wa ya ce maka ni malamar makaranta ce?"

"Ga alli nan a hannunki."

Na duba. Akwai allin, a gefen yatsa. Na ɗan ji kunyar zargina.

"Kawo takardar," ya ce. "Ko ki bar ta a hannunki. Karanta min sunayen kawai, ni zan riƙe."

Takardar tana cikin jaka, jakar a zuge.

A take tunanina ya tafi kan masu satar yara. Ba a fi wata biyu ba da aka tara mu a makaranta aka ja mana kunne a kansu. Mutum ya san sunan yaro, ya tsaya a bakin makaranta, ya kira shi, ya ce babanka ne ya aiko ni. Na tuna yadda mai gadi ya yi ta kallon sama. Na ce a raina bakinsu ɗaya. Ɗaya ya ƙi karɓa a ƙofa don kada a ce shi ne, ɗayan ya tare ni a inda ba kowa.

Na matse jakar a hammata.

"Ina katin aikinka?"

Ya yi murmushi.

"Gobe zan kai ofis," na ce. "Su ba ka idan sun ga dama."

"Ba nauyi, Malama. Suna ne kawai."

Na juya na tafi. Ban yi gudu ba, don kada ya san na tsorata. Ina jin idonsa a tsakiyar bayana. Sai da na yi nisa na gane abin da ya dame ni tun farko. Duk tafiyar da muka yi, makullan nan ba su yi ƙara ko sau ɗaya ba.

Na tsallaka shingen shuke-shuke na hau siminti. Na sa hasumiya a damana, don a hagu take lokacin da na shigo. Na yi sauri. Na wuce kwami. Na wuce ma'aunin hatsi. Na sha kwana.

Kwami.

Na tsaya. Na ce kwami biyu ne, ban lura ba ɗazu. Na ƙara sauri. Ma'aunin hatsi. Kwana.

Kwami.

Na kasa kunne. Babu hon. Babu rediyo. Jemagun nan duk sun yi tsit, suna rataye kamar baƙaƙen tsummoki. Hasken sama ya koma ja, ya tsaya a haka, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Na ciro waya. Babu sabis ko ɗigo.

Warin randa yana bi na.

"'Yata! Ke ce nan?"

Gwaggo ce ta ɓullo daga bayan hasumiya. Mayafinta, jakarta, har ɗan tabon da ke haɓarta. Na kusa fashewa da kuka. Na ruga na kama hannunta.

"Gwaggo, mu fita. Akwai wani mutum a nan, ban yarda da shi ba."

"Mai makullai? Haba 'yata. Mutumin kirki ne. Shi ne babban wurin, yanzu mai gadi ya gaya min. Kin ɓata masa rai a banza." Ta shafa min kafaɗa. "Zo mu zauna ki huce."

Muka zauna a wani benci. Ta yi ta lallashina da murya mai taushi, har numfashina ya fara daidaita. Na fara ganin wautata. Mutum ya nuna min wuri da zuciya ɗaya, ni kuma na tambaye shi kati kamar ɓarawo.

"Wai ma su wane ne yaran?" ta ce. "Jikar maƙwabciyata tana ajinki, ko? Ɗauko takardar mu gani. Idona ba ya gani da yamma, karanto min."

Na zuge jaka. Na warware takardar.

Sunan farko na 'yar mai wanki ne. Shekararta takwas, mai wushirya, bencin gaba take zama, kullum ita take riga kowa amsawa. Na karanta shi kamar yadda nake yi kowace safiya, sunanta da na mahaifinta.

"Na'am, Malama."

Muryarta ce. Ba mai kama da ita ba, ita ce. Siririya, da ɗan zumuɗin nan nata. Amma daga ƙasa ta fito, daga nesa, tana amsa kuwwa kamar mai magana cikin tulu.

Na ɗaga kai. Bencin da muke kai yana bakin rijiya.

"Ci gaba," in ji Gwaggo. "Na biyu."

Ban juya na kalle ta ba. Hancina ne ya fara gaya min. Babu warin man zafi.

Na saci kallon ƙasa. Babu sanda. Na tuna yadda ta ɓullo daga bayan hasumiya, tana taku ɗai-ɗai kamar budurwa. Shekara ashirin da huɗu ina hannun Gwaggo, ba ta taɓa ce min 'yata ba. Ba ta taɓa kiran baƙo mutumin kirki ba.

Hannun da ke kafaɗata ya yi sanyi. Ruwa yana ratsa rigata daga inda yake.

"Na biyu," ta ce. Muryar ta fara kauri.

Bakina ya buɗe da kansa. Idona ya sauka kan layi na biyu. Harshena ya ɗauko harafin farko.

Ƙwang! Ƙwang! Ƙwang!

Ƙarfe a kan ƙarfe, daga can nesa. Sai wata murya a kansa, a shaƙe, cike da masifa.

"Kunnen-ƙashi! Don ubanki fito! Kunnen-ƙashi!"

Ban taɓa jin zagi mai daɗi irin wannan ba.

Na dunƙule takardar na cusa a bakina. Ban san dalili ba. Na dai san idan bakina a cike yake, ba zai kira kowa ba.

Na fizge. Yatsun suka riƙe mayafina. Na sunkuya na zame, na bar mata shi.

Na runtse ido, don idona ne yake ta mai da ni kwami. Na bi ƙarar ƙarfen da kunne. Addu'a a zuci, duk wadda ta zo.

Na yi karo da benci. Na faɗi. Na tashi.

A bayana babu sawun gudu. Sai ɗigar ruwa. Ɗis. Ɗis. Daf da diddigena.

"Malama," murya ta ce a kunnena na hagu. Ta mai makullai.

"'Yata," a na dama.

Sai ƙananan muryoyi daga ƙasa, da yawa, suna dariya ƙasa-ƙasa.

Ƙwang!

Ƙaya ta yage min hannu. Takalmi ɗaya ya fita.

Ƙwang!

Goshina ya daki ƙarfe. Wani hannu ya cafko wuyan rigata ya fizgo ni. Na ji an turo ƙofa, na ji sakata ta faɗa.

Warin man zafi.

Na buɗe ido. Titi, motoci, fitilun shaguna. Ana kiran sallar magariba a masallacin tsallake. Mai gadi yana jingine da ƙofa yana haki, guntun ƙarfe a hannunsa. Gwaggo tana tsaye da ƙafa ɗaya da rabi, sandarta ta tsage saboda dukan shinge.

Na nufe ta zan rungume ta. Ta tokare ni da sandar a ƙirji.

"Tsaya nan. Ɗazu ma wata ta zo bakin ƙofar nan da fuskarki. Wai in shigo in ga abin mamaki, tana min murmushi. Na ce yaushe Kunnen-ƙashi ta koyi fara'a? Faɗa min, me kika fasa min ranar da aka kawo ki gidana?"

Na tofar da takardar a tafin hannuna. "Madubin kan akwati. Na ce kyanwa ce."

"Alhali ba mu da kyanwa." Ta sauke sandar, ta jawo ni jikinta.

Mai gadi yana kallon dunƙulen takardar da ke hannuna.

"Malama, kin karanta?"

"Ɗaya."

Ya dafe kai. Gwaggo ta juya kansa. "Ai na ce akwai abin da kake ɓoyewa! Me ya hana ka faɗa tun farko?"

"Hajiya, wa zan gaya wa? Na faɗa a ofis, suka ce in na sake tsorata baƙi za su sallame ni. Shekarata goma sha ɗaya a ƙofar nan. Babu wani mai nuna wa baƙi wuri, ba a taɓa ɗauka ba. Da rana lafiya lau, ko yara ɗari ne. Amma idan rana ta sunkuya, ba a kiran sunan kowa a ciki." Ya juyo gare ni. "Kin san gidan yarinyar? To kada ki tsaya. Mai gadin da na gada ya ce bakin da ya kira suna, shi ne yake dawo da mai sunan. Ban taɓa gwadawa ba. Ki je kafin jan nan na sama ya ɗauke."

Na san gidan, na taɓa raka ta ranar da zazzaɓi ya kama ta a aji. Gwaggo ta tare tasi da tsagaggiyar sandarta. Duk hanya tana ta ce wa direba ya taka mota kamar ya ci abinci. Ni ina leƙen sama ta taga. Jan yana ta ƙanƙancewa.

Shagon wankin yana gaba, gidan yana bayansa. Muka ratsa ta tsakanin rigunan da aka rataye, ƙamshin sitaci da na gawayin dutsen guga. Tun daga nan muka ji kukan mace.

An shimfiɗe yarinyar a tabarma a tsakar gida, kusa da manyan durom ɗin ruwan wanki. Uwar ta riƙe kanta. Uban yana tsaye ya rasa abin yi.

"Tana cikin rubutun aikin gida," uwar take faɗa cikin kuka, "sai ta miƙe ta ce na'am Malama. Ta nufi ƙofa ba takalmi. A bakin lungu na kamo ta, ta faɗi a hannuna."

Idon yarinyar a buɗe, ba ta ƙiftawa. Rigarta sharkaf, kuma ba wanda ya zuba mata ruwa. Na taɓa hannunta. Sanyin bakin rijiyar nan ne. Warin ma shi ne.

Uban ya dube ni. Ba mayafi, takalmi ɗaya, jini a hannu.

"Malama, wa ya gaya miki ba ta da lafiya?"

"Ɗan nan, tambaya daga baya," in ji Gwaggo. "Matsa."

Na durƙusa, na kai bakina kunnenta, na raɗa sunanta. Shiru.

Na sake. Shiru. Na ɗaga kai. Jan ya rage kamar zare a kan katanga.

Gwaggo ta buga sandarta a ƙasa. "Haka kike kiran su a aji? Kamar mai roƙon gishiri? Tashi tsaye! Da muryar aji!"

Na miƙe. Na share fuska. Na tsaya kamar ina gaban allo, na kira sunanta da na mahaifinta, da muryar da nake kiran wanda ya makara.

Ruwan durom ɗin da ke kusa ya motsa. Ba iska, ba wanda ya taɓa.

"Na'am..."

Daga cikin durom. Can ƙasa.

Uwar ta ƙwalla ƙara. Na sake kira, da ƙarfin da ya sa maƙogwarona ya yi zafi kwana uku. Na ƙara da abin da nake ce musu kullum idan an dawo daga hutun tara: "Wuce ki zauna a wurinki!"

Yarinyar ta zabura. Ta yi tari, baƙin ruwa ya fito ta baki da hanci, da ɗan gansakuka. Ta ja numfashi mai tsawo. Ta ƙifta ido, ta kalle ni.

"Na'am, Malama," ta ce, da bakinta.

Na zube a wurin.

Takardar a murhun dutsen gugar uban na ƙona ta. Ta daɗe tana hayaƙi kafin ta kama. Na gaya musu duk abin da ya faru, ban rage komai ba. Uwar ta yi min godiya. Uban kuwa har yau idan muka haɗu a hanya sai ya tsallaka ɗaya gefen. Ban ga laifinsa ba. Ni ma da 'yata ce, haka zan yi.

Shugaban makaranta ya saurare ni yana juya biro. Da na gama ya tambaye ni ko ina samun isasshen barci. Na ce masa ko dai a fasa tafiyar, ko in bi gidajen iyayen yara ɗaya bayan ɗaya in ba su labari. Aka fasa. A ɗakin malamai aka yi ta cewa ƙyuya ce ta sa na ƙirƙiro aljanu. Na bar su.

Gwaggo ta sayi sabuwar sanda. Tun daga ranar, duk wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa bayan la'asar, ko ni ce, sai ya amsa tambaya kafin ta zare sakata.

'Yar mai wanki ta dawo makaranta bayan sati biyu. Ta rame, amma wushiryarta da zumuɗinta suna nan. Ban tambaye ta komai ba. Ita ce ta tsaya wata rana bayan an tashi, tana wasa da igiyar jakarta.

"Malama, ranar nan da kika kira ni, na je wani aji."

Na ajiye abin goge allo. "Wane irin aji?"

"Mai sanyi. Ba taga. An share shi tas, an jera bencina. Wani kawu mai makullai ya nuna min na gaba, ya ce nawa ne."

"Akwai wasu yara?"

"Akwai na baya, tsofaffin 'yan aji, ba sa magana. Amma layinmu ba kowa, ni kaɗai." Ta ɗaga kai ta dube ni. "Na ƙirga wuraren, Malama. Daidai mu ne. Har da kujerarki."